Ina Kwaɗinmu Suke Shiga Da Rani?



Kowa a zauren nan ya san jinsunan kwaɗi sun haura 7,000, tun daga ƙaton nan na kogunan Kamaru mai nauyin kilo 3 har zuwa ɗan mitsitsin da bai kai santimita 1 ba, don haka na wuce wannan. Mas'alar da ta kawo ni ita ce wadda ɗalibanmu ke kasa amsawa, saboda an karantar da su kwaɗon Ingila an bar na bayan gidansu: ina kwaɗinmu suke shiga idan kududdufai suka ƙafe?

Kwaɗo halitta ce wadda ba ta shan ruwa da baki sai ta fata, fatar kuwa ba ta da ƙarfin tsare danshi, ta yadda bisa ƙiyasi bai kamata ko ɗaya ya ga ƙarshen bazara ba. Amma akwai ƙaton da ke tona ƙasa da ƙafafun baya, ya nutse, ya yi ta saɓa yana barin saɓar a jikinsa har ta lulluɓe shi kamar likkafani, sai ƙofofin hanci kaɗai, yana rayuwa da ruwan da ya tara a mafitsara har ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Shi ya sa jama'a ke cewa daga sama suka faɗo.

Wanda ya fi ba ni mamaki, kuma ba na gajiya da ambatonsa, shi ne ɗan ƙaramin da masana Jamusawa suka nazarta a dajin Komowe na ƙasar Kwaddebuwa. Shi ba ya ɓuya ko kaɗan. Yakan manne a jikin busasshiyar ciyawa, rana tana dukansa, ya naɗe ƙafafu, ya daina ci, ya daina fitsari watanni, dattin da ya kamata ya fitar kuwa sai jikinsa ya mayar da shi ƙyalli a cikin fata, ya koma fari fat yana mayar wa rana haskenta. Subhanallahi.

Idan na kawo maganar kare kwaɗi, abokan aikina sukan ce kuɗi kaɗan ne, giwayen Yankari da tsuntsayen Haɗeja da Nguru su ne kan gaba. Sai na ce, shamuwa da zalɓe me suke ci? Ga kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na hana wani likita kashe kwaɗo don magani. Duk da haka, wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna mutum 32 kacal a Nijeriya suna hada-hadar kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara, galibi busassu, zuwa kasuwannin kudu.

Shawarata ba ta sauya ba: a hana kamu a farkon damina lokacin da suke zuba ƙwai, a daina cike kududdufai ba tare da nazari ba, jami'o'inmu kuma su tura ɗalibai fadamu su ƙirga abin da ya saura.