Wuyan Ɗan Dako da Ƙofar Kurmawa



An nemi in yi magana a kan tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi. Ba sai mun tafi nesa ba, Kasuwar Sabon Gari ta ishe mu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a jima ba Turawa suka yanka Sabon Gari don baƙin da hanyar dogo ta kawo. Gyaɗa ta yi kuɗi, aka tayar da dalar gyaɗa. Kowa ya san sunan Alhassan Ɗantata da kamfanonin Turawa da suka kwashe gyaɗar zuwa Ingila. To, wa ya san sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka hau dalar nan da buhu a ka? A zamanin ne kuma wanda ya kasa biyan haraji kan iya kwana a gidan yarin En'e, gari ya waye a fito da shi aikin hanya ko shara ba ko anini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan zalunci ne ya haifi NEPU a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta. Da Muhammad Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a 1979 ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma ya ba da hutun ranar ma'aikata tun gwamnatin tarayya ba ta yi ba. Sunansa kasuwar nan take ɗauke da shi. Don haka muna da hurumin tambaya: yaya ma'aikaci yake a kasuwar da ke ɗauke da sunan Rimi?

Ku dubi masu ɗauke da ita. Ɗan dako da gammonsa, mai baro da ya karɓo baron haya, kullum sai ya fara cire kuɗin mai shi kafin ya ci abinci. Yarinya mai talla. Sai yaron shago, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Yakan shekara bakwai ko goma yana buɗewa yana rufewa, ana ba shi kuɗin abinci da na mota, bisa alkawarin wata rana za a sallame shi da jari. Alkawarin na baka ne, ba takarda, sau da yawa ba shaida. Akwai iyayen gida na kirki, na san su, kun san su: sun aurar, sun sallama, yaransu yau suna da shaguna. Allah Ya saka musu. Amma alherin nan yana hannun ubangida ne shi kaɗai, in ya ga dama ya yi, in bai ga dama ba yaro ba shi da inda zai kai kuka.

A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Kano ta ce 71,000. Sai dai dokar ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma cire wanda ake biya gwargwadon aikin da ya yi. Shago nawa ne a Sabon Gari ke da yara 25? Ɗan dako kuwa da buhu ake biyan sa. Ke nan dokar ta tsallake kusan kowa a kasuwar. Gobarar 26 ga Maris 2016 ta cinye shaguna sama da 3,800 a kasuwar nan, aka yi lissafin gini da kaya, kuma daidai ne a yi. Wanda jarinsa wuyansa ne, ya wayi gari ba abin ɗauka, shi bai shiga lissafi ba.

Dokar da ba ta gan shi ba ranar biya, da wuri take ganin sa ranar zargi. Kaya su ɓace, ko lissafi ya ƙi daidaita ana dab da sallama, sai a ce yaro ya ci amana. Daga ofishin 'yan sanda sai kotu, daga kotu sai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, domin ba shi da mai tsaya masa. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba alƙalin da ya same su da laifi. A Nuwamba 2023 Ma'aikatar Cikin Gida ta ba da sanarwar sakin ɗaurarru 4,068 da suka kasa biyan tara, da naira miliyan 585. Ku raba ku gani: abin bai kai naira 150,000 ba a kan kowane mutum. Kuɗin da wani zai kashe a liyafa ɗaya shi ya raba magidanci da iyalinsa. A ƙarshen shekarar ne shugaban hukumar gidajen ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa abincin ɗaurarre naira 750 ne a rana, na karen tsaro 800.

Ba mu manta da 1 ga Nuwamba 2024 ba, ranar da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa, da yawansu 'yan Kano, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, bayan wata uku a tsare. Wasu suka zube don galabaita, aka sa belin kowane naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki ƙara aka sake su. Ku gwama wannan da yadda shari'ar manyan da ake tuhuma da biliyoyi take shekaru suna kwana a gidajensu.

Iyayenmu shugabannin kasuwa, abu na farko a hannunku yake, ba ya jiran Abuja. Ku wajabta rubuta yarjejeniya tsakanin ubangida da yaronsa, da wa'adi da shaidu, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. Rigimar lissafi ta fara zuwa gabanku kafin ta je wurin 'yan sanda. Alƙalanmu, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin aikin al'umma maimakon ɗauri a ƙananan laifuffuka, ku yi aiki da ita. Masu fitar da zakka, mai bashi yana cikin waɗanda Allah Ya ambata. Ku je Kurmawa ku nemi sunayen waɗanda tara ko bashi ya riƙe, ku fitar da su tun bana.