A Yashe Kududdufai Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Yawancin kududdufan birnin Kano ramuka ne da kakanninmu suka haƙa don samun ƙasar gini. Su ne ke shanye ruwan sama kafin ya afka wa gidaje. Yau laka da leda sun cike su, wasu ma an binne an yi gini a kai, shi ya sa ruwa ke kwana a ɗakunan mutane cikin watan Agusta.

Lokacin yasa shi ne bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya, laka ta tsattsage. Masu unguwanni su kira gayya, ƙananan hukumomi su kawo tifa. Don Allah kada a jibge lakar a bakin kududdufi, domin ruwan farko zai mayar da ita ciki.