Tabarmar Shanya da Rumbun Bayanai



Duk wanda ya tashi a ƙasar Ɗambatta ko Bichi ya san gonakinmu ba sa hutawa. Gona na jingine da gona, kowace shekara sai an noma, don haka taki shi ne ran amfanin. Tun 2012, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara yi wa manoma rajista tana aika musu saƙon taki ta waya, sunan manomi ya koma cikin kwamfuta. In ta tsaya ranar rabo, layi ya tsaya, damina kuwa ba ta jira.

Babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen nan tana da wurin ajiya iri 2. Faifai shi ne rumbu: yana da faɗi, amma ɗiba daga cikinsa akwai nawa. Ƙwaƙwalwa kuwa tabarmar shanya ce, nan ake baza abin da ake aiki da shi, kuma ƙarama ce.

To, mu ɗauka na'urarmu tana da gigabait 8, tana aiki da PostgreSQL. An saba ware wa shared_buffers, wato tabarmar da kowa ke tarayya a kai, kashi 1 cikin 4: gigabait 2 ke nan. Wannan ba ta cika kawo rigima ba. Mai ja wa mutane asara shi ne work_mem, rabon da ake bayarwa don jera sunaye. Asalinsa megabait 4 ne. Sai wani mai gaggawa ya ga aiki na nawa, ya mai da shi 256, ya manta ba sau ɗaya ake yanka wannan rabo ba. Kowace jerawa ta kowane akawu da nata. Akawu 40 suka nemi jerin ƙauyukansu a lokaci guda, an tashi gigabait 10. Ina za a samo su? Nan Linux zai zaɓi aiki ɗaya ya kashe, PostgreSQL kuma ya sallami kowa, ya sake tashi.

Ban yarda da masu saurin cewa a sayo ƙarin ƙwaƙwalwa ba. A fara duba dmesg, domin Linux ba ya kisa bai rubuta ba. Kada kuma ku firgita don kun ga ƙwaƙwalwa kamar ta cika. Yakan ajiye abin da ya karanto daga faifai a wurin da ba kowa, ya saki in an buƙata. A dawo da work_mem 16, akawun nan 40 su ci megabait 640. Sannan a yi wa sunan ƙauye da lambar waya fihirisa, a gwada tun watan Afirilu, kafin ruwa ya sauka.