Lanho da Littafin Mamata: Jawabin Taron Ƙungiya

Iyayenmu dattawa, masu gari, da 'yan'uwa da suka taso daga Maradi, Yamai da Kano, muna yi muku barka da zuwa.

Yau maganar kuɗi za mu yi, sannan maganar mutuwa, don mun ga igiya ɗaya ta ɗaure su.

Da yawa cikinmu sun ɗauka lanhon da mai gari yake tarawa shi ne abin da gwamnati take ci. A'a. Wannan na ma'aikatar magajin gari ne, tun da aka yi zaɓen kananan hukumomi a 2004, tare da tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin mahauta da na dabbar da aka kai kara a Cadawa ko Gazawa. Babbar aljihun gwamnati daban take. Ana cika ta da kuɗin duwan, irin wanda ake karɓa a Ɗan Isa, da harajin kamfanoni da na albashi, da rabon uraniyom na Arlit da man Agadem. Akwai kuma harajin da ake ɗorawa kan kaya, kashi 19 cikin ɗari ga galibinsu. Wannan kowa na biya, har tsohuwar da aka yafe wa lanho, duk ranar da ta sayi sabulu. Kada wani ya ce talakan ƙauye ba ya biyan komai.

To me ke kashe mu? Likitoci sun daɗe da faɗa: zazzaɓin sauro, musamman daga tsakiyar damana zuwa kaka, ciwon haƙarƙari na yara, zawo, da tamowa wadda take raunana yaro har ƙaramin ciwo ya kayar da shi. Mata kuma zubar jini wurin haihuwa. Ba mu manta da yunwar 2005 ba, da kwalarar da ta ɓulla Madarunfa a 2018. An samu sauƙi, gaskiya ne. Binciken 1992 ya nuna cikin yara 1000 na Nijar, 318 ba sa kai shekara 5. Na 2012 ya nuna 127. Tun 2006 doka ta ce a duba yaro ƙasa da shekara 5 kyauta.

Amma ku lura, waɗannan lissafi daga bincike aka samo su, gida-gida, da kuma waɗanda suka cika a gadon likita. Yaron da ya rasu a ɗaki da dare, aka rufe shi kafin hantsi, ba wanda ya rubuta. Muna cewa kwana ya ƙare, haka ne, Allah ya jiƙan su. Sai dai mai raba magani da gidan sauro takarda yake dubawa. Garin da ya binne yara goma bai faɗa ba, a ofis gari ne mai lafiya. Abin takaici ma, wani magidanci ya rasu, sunansa na nan a takardar gida, 'ya'yansa na biya masa lanho shekara da shekaru.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Duk gidan da aka yi rasuwa, ko ta jinjiri ce, bayan sadakar uku a je wurin mai gari a sa a rubuta, a faɗi irin ciwon. Masu ci-rani, in kun bugo waya ta'aziyya ku tambaya ko an yi haka. Na biyu, ƙungiya za ta tura mutum biyu wurin magajin gari su tambayi nawa aka tara a kasuwanninmu bara, nawa aka kashe kan rijiya da likita. Wanda ya yarda ya je, ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi.