Jawabi A Kan Kayan Gilashi Na Iittala

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, da 'yan'uwana 'yan kasuwa.

An ce in ɗan yi magana kan kayan gilashi, tunda sana'ata ke nan. To, akwai wani kamfani a ƙasar Finland mai suna Iittala, wanda aka kafa a 1881 a wani ƙauye mai wannan suna. Cikin kayansa akwai wani kofi mai zobba a jiki, wanda wata mata, Aino Aalto, ta zana a 1932, ana matsa shi da inji don mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. A 1936 mijinta Alvar ya zana tulun furanni mai lanƙwashe-lanƙwashe, shi kuwa da baki ake hura shi. Har yau ana yin su duka biyun.

Jama'a, mun saba cewa araha ba ta ado. To, ga araha ta yi ado sama da shekara 90, saboda an kyautata aiki. Mu masu cika shago da kofunan da ba sa kai sati, mu duba lamarinmu. Mai saye ba ya mantuwa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu.