Wanda Aka Bari A Baya

Yau ina so in ba ku labarin wani tudu.

Wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo ya san tuddan nan masu kai a baje kamar faifai. Irinsu ne a kewayen Gwandu, har masana duwatsu suka sa wa wannan shimfiɗar ƙasa sunan Gwandu. Jan dutse mai tauri ne ya rufe kansu, shi ya sa ruwan sama bai cinye su ba. Ba su da tsawo sosai. Yara da makiyaya suna hawansu kullum.

Wata bazara, cikin watan Afrilu, na ɗauki matasanmu muka tafi hawan ɗaya daga cikinsu kusa da Kalgo. A wannan wata zafi a ƙasar Kabi yakan wuce digiri 40. Wani dattijo ya ce mu fita tun da asuba, kowa da gorar ruwansa, kada kuma mu rabu. Muka yi dariya, muka ce ai ɗan tudu ne. Ba mu tashi ba sai da hantsi.

Da muka fara hawa, sai kowa ya shiga tsere. Ni ma ina gaba. Muka kai sama muna haki, muna hangen fadama da gonakin shinkafa. Da na ƙirga, sai na ga babu mutum ɗaya. Ƙaramin cikinmu ne, kuma bai zo da ruwa ba.

Muka sauko a guje, tsakuwa tana zame mana. Muka same shi kwance a gindin wata sabara, leɓunansa sun bushe, ba ya iya magana. Muka kai shi inuwa, muka jiƙa masa jiki, muka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Allah ya sa ya farfaɗo. Da ya buɗe baki, abin da ya ce shi ne, "Na yi ta kira, ba wanda ya juyo."

Ya ɗan'uwana, wannan magana ba ta bar ni ba har yau. Ba mugunta ce ta sa muka bar shi ba. Idonmu ne yake kan sama kawai.

Kai fa? Wa yake kiranka daga baya? Wataƙila tsohuwar da ta goya ka ce, ko gwauruwar da take maƙwabtaka da kai, ko yaron da ya daina zuwa makaranta ba wanda ya tambaya. Sannu ba ta hana zuwa. Tsaya yau, ka juya, ka ƙirga naka.

Allah ya ba mu kunnen ji. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.