Bayan Ruwa Ya Janye: Firgicin da Ambaliya Ke Bari a Zukata

 

A shekarar 2010 ƙasarmu Benin ta ga ambaliyar da rabonta da irinta tun 1963. Ruwa ya shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77, ya taɓa mutane kimanin 680,000. Aka ƙidaya gidajen da suka rushe da gonakin da suka nutse, aka raba tabarmi da gidan sauro. Amma wanda ya ga ɗansa ya sulluɓe daga hannunsa cikin ruwa, a wane littafi aka rubuta ciwonsa?

Mu a Paraku da Jugu ba a bakin kogin Kwara muke ba, sai dai duk shekarar da ya tumbatsa a Malanbil da Karimama, 'yan'uwanmu ne abin ke ci, wasunsu ma gidajenmu suke sauka. Za ka ga magidanci da hadari ya haɗu sai jikinsa ya ɗauki rawa. Uwa ta kwana zaune tana sauraren yayyafi a kan kwano. Yaro ya koma fitsarin kwance, ɗalibi ya kasa riƙe karatu. Mu kuwa sai mu ce iska ce ta buge shi, ko mu ce ya cika rashin tawakkali.

Likitoci sun amince da wannan ciwo na firgici a hukumance tun 1980, lokacin da aka shigar da shi kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamunsa su ne dawowar abin da ya faru cikin mafarki ko ido biyu, gudun duk abin da ke tuna shi, da zama cikin ɗar-ɗar kullum. Yawancin mutane kan farfaɗo cikin 'yan makonni idan sun samu matsuguni da dangi kusa. Wanda alamunsa suka haura wata guda, har sana'arsa ta tsaya, shi ne ke bukatar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2013 cewa kada a ɗora wanda bala'i ya firgita a kan ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam, waɗanda ake saye ba takardar likita a kasuwanninmu.

Wurin zuwa akwai: asibitin koyarwa na Borgu da Alibori nan Paraku, da cibiyar Saint Camille da ƙungiyar Grégoire Ahongbonon ta buɗe a Jugu. Matsalar ita ce mai firgici ba can yake fara zuwa ba. Zauren malam yake nufa, ko ɗakin ungozoma. Saboda haka roƙona ga Jami'ar Paraku shi ne ta horas da limamai da ungozomomi da malaman makaranta, da Hausa da Dendi da Bariba, su san alamun nan. Malam, ka yi wa mai firgici addu'a, ka saurare shi ba tare da tilasta masa ba da labari ba, idan wata ya wuce ka haɗa shi da mai raka shi asibiti. A fara wannan aiki tun da rani, kafin damina ta kama.